Yadda zaka koyi kiɗan fiyano da kunne tun daga tushe

Jama'a tambayar nan ta yi yawa, kusan duk sati sai wani ya tare ni ko ya turo saƙo, "Oga wai ya ake yi mutum ya ji waƙa sau ɗaya kawai ya zauna kan fiyano ya kaɗa ta?" Wani yaro ma ja na yayi gefe yana tambaya ko akwai laƙanin da ake sha. Babu wani laƙani wallahi. Aiki ne mai hawa hawa, kuma abin da ke kayar da yawancin masu koyo shine suna kamo shi ta wutsiya, yau a sayi kibod, gobe a ce sai an kaɗa waƙar da ake yayi da hannu biyu, jibi kuma kibod yana ƙarƙashin gado yana shan ƙura. To ga yadda nake bi da yaran da ke zama wajena. Na ɗauki fiyano ne don shi na sani kuma shi ake aiki dashi a situdiyo, amma mai jita ko sarewa ko gurmi shima daga mataki na 3 zuwa na 9 hanyarmu ɗaya ce. Kuma dan Allah kar ka tsallake mataki, musamman na 5 da na 6.

1. Kayan aiki da abin da zasu ci maka

Abu huɗu ne: kibod, iyafis mai waya, wayar hannunka, sai littafi da biro.

Kibod mai madannai 61 ya ishe ka har ka ƙware, farare 36 baƙaƙe 25. Mai 88 ba yanzu ba, tsada da nauyi kawai zai ƙara maka. Yamaha jerin PSR da kuma Casio su suka fi yawa a hannun mutane shi yasa mai gyara da adafta basa wuyar samu. Farashin sabo dala yake bi, kuɗin da aka faɗa maka da azumi ba shi zaka tarar da babbar sallah ba, don haka in kana Kano ka zaga shago uku ko huɗu a Sabon Gari kafin ka ciro ko sisi, kuma ka tambayi na hannu wato tokumbo, ya fi sauƙi sosai. Ka ware wani abu kuma na batir da jaka ko ƙyallen rufewa, don ƙurar hunturu in ta shiga ƙarƙashin madannai sai su fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya.

Hattara wajen sayen na hannu: ka danna madannan nan 61 ɗaya bayan ɗaya a gaban mai shago ko da zai haɗe rai. Ni kibod ɗina na farko a wani shago na saye shi, mai shagon ya kunna min kiɗan da ke cikinsa yana tashi gwanin daɗi, na biya ina washe baki, sai da na je gida na gano baƙin madanni ɗaya a tsakiya bebe ne. Ka gwada ramin iyafis, ka gwada da batir ka gwada da wuta. Sannan adafta ba a aron ta haka kawai, ƙananan Yamaha 12 bolt suke ci, ƙananan Casio da yawa 9.5, ka duba abin da aka rubuta a bayan naka, in ka cusa masa wadda ba tashi ba ko ka bar shi a jikin janareta mai hawa da sauka zaka ji warin ƙuna shikenan. Mai cin batir 6 ya fi maka kwanciyar hankali tunda wutar nan ba ta da alƙawari.

Kar ka sayi ɗan ƙaramin na wasan yara mai fitilu, wasu sautinsu ba a saiti yake ba, zai ɓata maka kunne tun daga farko. In babu kuɗi yanzu ka sauke manhajar fiyano a waya, irin su Perfect Piano kyauta ne, zata kai ka har mataki na 8. Iyafis kuma nace mai waya saboda na bulutut yana jinkiri, ka danna yanzu sauti ya zo daga baya.

2. Ka san unguwar da ka shigo

Wannan na kwana biyu ne kawai. Kalli baƙaƙen madannai, a jere suke biyu, uku, biyu, uku har ƙarshe. Farin da ke hagu da rukunin biyu shine C. Daga shi ka tafi dama kan farare: C D E F G A B, sai ka sake faɗawa wani C ɗin. Tsakanin C da C na gaba in ka haɗa fari da baƙi sauti 12 ne, shine makaɗa ke cewa oktif, kuma duk kibod ɗin nan maimaicin 12 ɗin nan ne kawai, hagu murya na kauri, dama tana sirancewa.

Ka rufe ido ka lalubo duk C ɗin da ke jiki da hannu, sannan duk F, shine farin da ke hagu da rukunin uku. Ban son a bi madannai da alƙalamin maka ko salatif ana rubuta sunaye, yaron da yayi haka ido yake koyarwa, ranar da aka ba shi kibod ɗin wani sai ya zama baƙo. Kuma ka duba maɓallin da aka rubuta Transpose ka tabbatar yana kan 0, zamu dawo kansa can ƙasa don akwai labari.

3. Sama ko ƙasa

Masu cewa "ni ba ni da kunnen kiɗa" su nake so su tsaya nan. Faɗi "yaro yana kuka", sannan faɗi "miyar kuka". Ka ji bambancin? A na farko murya ta tsaya a sama duka gaɓa biyun, a na biyu ta hau sannan ta sauko. Ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya koya maka, amma in baƙo ya juya su nan take zaka yi dariya. To wannan kunnen dai shi ake kiɗa dashi, shi yasa ma muke gane abin da kalangu ke faɗa in makaɗi ya matse shi a hammata ya saki. Bahaushe ya riga ya shigo da jarinsa.

Atisayen shine ka samu ƙaninka ko aboki, ka juya baya, ya danna madanni biyu ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka ce na biyun ya hau ne ko ya sauka. Ya fara da masu nisa da juna, kullum yana matso dasu har su zama maƙwabta. Minti biyar a rana. Bayan haka kai da kanka ka danna madanni ɗaya a tsakiya ka riƙe, ka ce "naaa" kana jan muryarka sama ko ƙasa har ta haɗe da sautin, zaka ji kamar sun narke sun zama abu ɗaya, in basu haɗu ba kuma akwai wani karkarwa da kunne ke ji.

Kuskuren da kowa ke yi anan: ɗaukar ƙara a matsayin hawa. Ka ce wa yaro ya hau sai ya ƙara ihu a wuri ɗaya. Ƙarfi daban, tsayin murya daban. Na biyu, in kai namiji ne mai kaurin murya kana bin muryar mace, zaka iya kama sauti daidai amma oktif ɗaya a ƙasa, wannan ba laifi bane, C ne da C, sunansu ɗaya.

4. Zaɓen waƙar farko

Ka ɗauki wadda ka haddace tun kana yaro, mai tafiya a hankali, mai gajeren amshi. Waƙoƙin gaɗa, na tashe, na reno, na makarantar firamare, duk sun fi maka waƙar da ta fito satin jiya wadda aka jibga mata kaya goma aka kuma murɗe muryar mawaƙin da kwamfuta. In kana son kiɗan gargajiya ka saurari irin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya ce tal, babu abin da zai rufe maka karin. Amshi kaɗai zaka ɗauka, baitoci su jira. Ka sauke waƙar a waya gaba ɗaya don zaka maimaita ta ba adadi, kar data ta ƙare a kanta.

5. Baki kafin hannu

Rufe kibod ɗin. Eh rufe shi nace. Dokar da ban ɗaga wa kowa ita ce abin da bakinka bai iya rerawa ba yatsanka ba zai same shi ba, sai dai ka yi ta lalube kana cin karo da sa'a. Ka saurari amshin kamar sau goma, ka kashe, ka rera shi da "na na na" ba tare da kalmomin ba, don kalmomi suna ruɗin mutum ya zaci ya iya alhali baitin kawai ya haddace. Ka ɗauki muryarka a waya ka kunna kusa da ta asali. Ranar farko zaka ji kunya, kowa ma ya ji, ba mawaƙi muke so ka zama ba, so muke ka san inda karin ya hau da inda ya sauka.

Sannan ka yanka amshin gunduwa gunduwa, duk inda mawaƙi ya ja numfashi nan ne wuƙa zata bi. Yawanci zaka samu guntu biyu zuwa huɗu, kuma zaka lura na farko da na uku sau da yawa abu ɗaya ne, kaga aiki ya ragu.

6. Nemo gida

Nan ne gaba ɗaya sirrin da ake ta tambaya, don haka zan daɗe a nan.

Kowace waƙa tana da sauti ɗaya da take komawa ta huta a kansa, makaɗan situdiyo "ki" suke cewa, ni gida nake ce wa yarana don sun fi saurin ganewa. Kari zai fita yawo ya hau ya sauka amma in ya dawo kan wannan sautin sai ka ji zance ya ƙare, ko an kashe kiɗan anan ranka ba zai nemi ƙari ba. Mafi yawan lokaci shine sautin ƙarshe na amshi.

Ga yadda ake yi. Kunna waƙar, bari amshi ya kai ƙarshe, ka kama sautin ƙarshen nan da bakinka ka riƙe "mmmm", ka tsayar da waƙar amma kar ka saki muryar. Da ɗayan hannun ka danna kowane madanni a tsakiyar kibod. Yanzu tambaya ɗaya ce, wadda ka koya a mataki na 3: madannin nan yana sama da muryata ne ko ƙasa? In yana sama ka matsa hagu, in yana ƙasa ka matsa dama, ɗaya ɗaya, fari da baƙi duka kar ka tsallake baƙi, har su haɗe. Numfashi zai ƙare, ka sake kunnawa ka sake kamawa. Ka tuna ƙofa 12 ce kawai a garin nan, ko ƙwanƙwasa su zaka yi ɗaya bayan ɗaya dole ka faɗa gidan.

In ka samu wanda kake zato sai gwaji: mayar da waƙar farko, ka riƙa danna wannan madanni shi kaɗai a ɓangaren hagu tun daga farko har ƙarshe. In gida ne zai zauna lafiya da kusan komai. In ba shi bane zaka ji wurare da yawa yana faɗa da waƙar kamar kishiya.

Hattara ta farko: akwai gidan maƙwabci mai kama da naka. Sautin da ke madanni 7 sama da gida, misali G in gidan C ne, shima yana zama lafiya da waƙar, kuma shi ne ke yaudarar kusan kowa a watan farko. In kana kokwanto tsakanin biyu ka danna su bi da bi a ƙarshen amshi, ɗaya zai ji kamar an tsaya a bakin ƙofa, ɗaya kamar an shiga ɗaki an zauna. Ka kuma sa iyafis ka saurari bes, wato kaurin da ke can ƙasa, a ƙarshen waƙa kusan kullum a gida yake sauka.

Ta biyu: hannunka na taɓa madanni muryarka zata so ta gudu ta bi shi, sai ka ga kamar ka dace alhali kai ne ka koma wajensa. Shi yasa nace ka riƙa komawa kan waƙar.

Ta uku, wannan ya taɓa hana ni barci: tsofaffin waƙoƙin da aka juyo daga kaset wani lokaci basa kan kowane madanni, suna tsakanin biyu, saboda rikodar da ta juya kaset ɗin ta ɗan yi sauri ko nawa. Haka ma goge da kukuma da gurmi, mai su da kunnensa da muryarsa yake ɗaure tsirkiya, ba ruwansa da saitin fiyano inda kowane madanni yake da tsayayyen sauti. In ka ji C ta yi ƙasa kaɗan, baƙin da ke gabanta kuma ya yi sama kaɗan, ba kunnenka ne ya lalace ba. Ka ɗauki mafi kusa, ko ka shiga wajen Tuning a kibod ka ɗan murɗa, amma ka tuna ka mayar in ka gama.

Akwai manhajojin da zaka rera musu su faɗa maka sunan sautin. Ka yi amfani dasu bayan ka gama naka binciken don duba amsa, banda kafin. Ni sati guda nake sa yaro ba abin da zai yi sai neman gidan waƙa biyar kullum, duk abin da rediyo ta saka, ba tare da ya kaɗa ko ɗaya ba. Suna jin haushi na a satin, daga baya su gode.

7. Kafa tsani daga gida

Ka samu gida, yanzu waƙar ba duka 12 take takawa ba, tana da 'yan matakalanta, bakwai ko biyar. Ƙirga ake yi, fari da baƙi duka, banda wanda kake tsaye a kai.

Tsanin da ake cewa mejo, mai jin walwala: 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Daga C duk farare ne. Gwada daga G: biyu ka sauka A, biyu B, ɗaya C, biyu D, biyu E, biyu kuma sai ka faɗa kan baƙin farko na rukunin uku, ɗaya ka dawo G. Na biyu shine maino, mai ɗan sanyin jiki da tausayi irin na waƙoƙin soyayya da bege: 2, 1, 2, 2, 1, 2, 2, daga A duk farare ne. Don ka san wanne waƙarka take, danna gida tare da madanni na 4 da na 7 a samansa, sannan ka canza na 4 ɗin zuwa na 3, ka ji wanda ya shiga jikin waƙar. Na 4 mejo, na 3 maino.

Ga inda muka ci sa'a: kiɗanmu na gargajiya da yawa matakala biyar yake takawa. Daga C sune C D E G A, daga A kuma A C D E G. Baƙaƙen madannan nan su kaɗai ma tsani ne mai biyar, ka zauna ka yi ta yawo a kansu ba tare da taɓa fari ba, cikin minti biyu zaka ji wani abu mai ƙamshin gida ya fito. Don haka in waƙar Hausa ce ka fara gwada biyar ɗin. Sai dai nanaye ta sha nonon finafinan Indiya, wani lokaci zata ɗauko maka sautin da baya cikin biyar ɗin har ma baya cikin bakwai, in ka ji haka kunnenka zaka bi ba ƙirgata ba.

Ka sa wa matakalan lamba, gida 1, na gaba 2, har 7. Makaɗan coci a Jos da Kaduna da Sabon Gari do re mi fa so la ti suke cewa kuma "do" ɗinsu shine gida duk inda ya faɗa, wallahi sun iya abin nan, in ka samu ɗaya ya zauna da kai kar ka yi girman kai. 'Yan uwa na Nijar ku lura, a tsarin Faransanci "do" C ce kullum ba ta matsawa, "re" D ce, don haka in kuna magana da makaɗin Najeriya ku fara tantance wace "do" ake nufi kafin a yi ta musu a banza.

8. Tsinto karin ɗaya bayan ɗaya

Hannun dama kawai. Ɗauki guntun farko da ka yanka, nemo sautinsa na farko yadda ka nemo gida, yawanci 1 ne ko 3 ko 5. Daga nan kowane sauti tambaya biyu: ya hau, ya sauka ko yana nan? In ya motsa, taki ɗaya yayi ko tsalle? Ka fara zaton taki ɗaya don kari ya fi tafiya da ƙafa a kan tsalle. Ka samu uku ka haɗa su, ka ƙara na huɗu ka dawo farko, kamar yadda ake haddar allo.

Duk guntun da ya fito ka rubuta shi da lambobi, misali 5 5 6 5 3 2 1. Dalilin lamba maimakon C da D zaka gani a mataki na 11. In wuri yayi sauri ka rage gudun waƙar, YouTube yana da 0.75 da 0.5, VLC ma yana yi, mai kwamfuta kuma Audacity kyauta ce har zaka iya ware daƙiƙa uku ta yi ta juyawa.

Hattara: mawaƙanmu suna lanƙwasa murya su yi mata ado, gaɓa ɗaya a ja ta ta ratsa sauti uku. Kar ka bi adon yanzu, ƙashin karin zaka fitar, ado daga baya. Sannan kar ka saba da yatsa ɗaya kamar mai danna waya, ɗora babban yatsa kan gida sauran huɗun su bi a jere, in ka saba da tsinken yatsa ɗaya cire shi sai an sha wuya. Kuma in ka kuskure kar ka tsaya kallon madannai, rera wurin da baki tukuna, sau tara cikin goma zaka tarar bakin ne bai riƙe ba.

9. Bugun

Kari daidai amma ba a kan bugu ba, ba mai gane waƙar. Ajiye kibod ka yi tafi ko ka buga cinya tare da waƙar har ka gano inda bugu mai nauyi ke faɗowa. Wasu waƙoƙin huɗu huɗu suke tafiya, amma kiɗan kalangu da na ƙwarya da yawa uku uku yake mirginawa, ɗaya biyu uku ɗaya biyu uku, in ka matsa masa sai ya shiga huɗu zai fito kamar faretin 'yan makaranta. Kunna Metronome ɗin kibod, wato abin da ke ƙirga maka bugu, ka sa shi ƙasa da gudun waƙar sosai, in ka kaɗa sau uku a jere ba tuntuɓe sai ka ƙara kaɗan. Gangunan da ke cikin kibod masu bin ka da kansu ka bar su tukuna, daɗinsu yana rufe kuskure.

10. Hannun hagu da kod

Sai karin ya zauna har kana iya kaɗa shi kana hira sannan zaka zo nan. Fara da sauti ɗaya a hagu, gida, a kan kowane bugu mai nauyi. Zaka ji inda ya daina dacewa, to nan ne kod ya canza. Gwada 4, gwada 5, gwada 6, ɗaya daga ciki zai shiga. In gidan C ne kenan F, G ko A. In maino ne a gidan A ka gwada G, F, D ko E.

Kod kuma ba wani abin tsoro bane, sauti uku ne, ka danna ɗaya ka tsallake ɗaya a kan tsaninka: C E G, F A C, G B D, A C E. Dabarar zaɓe ita ce ka duba sautin da hannun dama yake kai lokacin bugu mai nauyi, kod ɗin da ya dace yawanci yana ɗauke da wannan sautin a cikinsa. Dama tana kan A? To F A C ne ko A C E, gwada biyun kunne ya raba gardama.

Kuskuren masu kallon bidiyon Turawa shine dole sai sun cusa kod huɗu a kowace waƙa. Waƙoƙinmu da yawa kan kod ɗaya ko biyu suke zaune daga farko har ƙarshe, armashin yana wajen ganga da amshi, in ka cika musu kaya sai su tashi daga Hausa su koma wani abu daban. Haɗa hannu biyu kuma ranar farko kamar shafa ciki da bugun kai ne lokaci ɗaya, ka rage gudu har ya zama abin dariya, guntu ɗaya kawai, kwana uku zuwa sati zai kama.

11. Tashi daga C, da maganar Transpose

Maɓallin nan yana ɗaga ko sauke kibod gaba ɗaya, kana danna fararen C amma sauti na fita a wani ki. Yana da amfani, amma shine ramin da na faɗa shekara biyu. Komai a C nake kaɗawa in murɗa maɓalli, ina ganin kaina gwani. Rannan aka kira ni wani biki in rufa wa wani makaɗi da bai samu zuwa ba, kibod ɗin wajen ba nawa bane kuma maɓallin ya mutu, zabiyar ta ɗauko waƙa a kan wani baƙin madanni, ta juyo tana kallona tana "Malam bismillah mana", ni kuma gumi har cikin takalmi. Da yatsa ɗaya na ƙarasa daren ina bin bes, mai kalangu ne ya rufa min asiri.

Don haka duk waƙar da ka fitar, ka ɗauki lambobin da ka rubuta ka mayar da gida G ka sake kaɗa ta, sannan F, sannan D. Lambobin basa canzawa, wurin tsayuwa ne kawai ya canza. Ki ɗaya a sati ya isa, cikin wata uku ka zaga duka 12.

12. Tsarin kullum da zama wajen masu yi

Minti 30 kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. Ni haka nake raba wa yara: biyar na sama ko ƙasa da haɗa murya, biyar neman gidan sabuwar waƙa, goma sha biyar kan waƙar da ake aiki, biyar na ƙarshe tsohuwar waƙa a sabon ki. In ka kai minti ashirin kana neman sauti ɗaya bai fito ba ka tashi ka sha ruwa, kunne yana gajiya har komai ya koma iri ɗaya, da safe sai ka same shi a taɓawar farko. Kar ka ƙure ƙarar iyafis, kunnen nan shine jarin. Kuma a gidan haya ko gidan gandu ka san lokacin da zaka kunna sifika, ana kiran sallah ko mutane sun kwanta ka koma iyafis, kar a haɗa ka da Baba a ce kibod ya bar gidan.

In ka fitar da waƙa kamar goma da kanka sai ka nemi situdiyo ko makaɗin da zaka riƙa zama wajensa, a Kano wajajen Zoo Road suna da yawa, sauran garuruwa ma ba a rasa ba. Wasu kuɗin wata suke karɓa, wasu kuma zama ne irin na yaron gida, ka yi aike ka naɗe waya ka share wuri a bar ka ka taɓa in babu aiki. Ku yi maganar kuɗi da lokacin taɓa kibod ƙarara tun ranar farko, na ga yaran da suka shekara suna sayo shayi basu taɓa madanni ba. FL Studio da sauran aikin kwamfuta a can zaka gansu, kuma zasu zo maka da sauƙi tunda kunne ya riga ya buɗe.

Abin da zaka fi zuba wa ido a wajen shine lokacin da mawaƙi ya shigo da sabuwar waƙa wadda ba a taɓa ɗauka ba, babu kaset babu YouTube, daga bakinsa sai kunnen makaɗi. Zaka ga ogan ya ce "ɗan rera min amshin", ya taɓa madanni biyu uku a hankali, ya ce "sake", a karo na biyu hannun hagu ya riga ya zauna. Mataki na 5 da na 6 da na 7 ne yayi a cikin daƙiƙa ashirin. Kai ma ka riƙa yi a zuciyarka daga inda kake zaune, ka canki ki ɗin kafin ya taɓa, in an tashi ka matsa ka tambaye shi a hankali, "Oga a G ne ko?" In ya ce a'a C ne, ka ƙirga, zaka ga madanni 7 ne tsakaninsu, ka koma gida ka ƙara sati ɗaya a mataki na 6.